Falsafar su Locke ko ɗakin gwaji? Ina neman shawara kafin Disamba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai waɗanda muka yi makaranta tare a zauren nan.

Shekarata 27. Digirina na farko da na biyu duk a falsafa na yi su, yanzu ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta, da yamma kuma ina yi wa yara lesin. Kundin digirina na biyu a kan John Locke, masanin falsafar Ingila na ƙarni na 17, na rubuta, a kan wata tambaya guda da wani mutumin Dublin, William Molyneux, ya aika masa a wasiƙa, shi kuma ya sa ta a bugu na biyu na littafinsa kan fahimtar ɗan Adam a 1694. Ga ta a taƙaice. An haifi mutum makaho, ya girma yana bambance ƙwallo da abu mai kusurwa, irin siffar dunƙulen Maggi, ta hanyar shafawa. Rana ɗaya sai idonsa ya buɗe, aka ajiye masa su biyun a kan tebur. Kafin ya kai hannu, zai iya nuna wanne ne wanne? Molyneux ya ce ba zai iya ba, Locke ya yarda da shi. Leibniz, masanin falsafar Jamus, ya ce zai iya in an gaya masa abin da ke gabansa, domin hankali zai nuna masa ɗaya yana da kusurwa takwas, ɗayan kuwa ko'ina ɗaya ne. Matar Molyneux ta makance bayan aurensu, ina jin shi ya sa abin ya tsaya masa a rai.

Ni ma ba a littafi kaɗai ta tsaya mini ba. Ina cikin rubutun aka yi wa kakata aikin yanar ido, ni na zauna da ita. Kwana uku da cire bandeji na miƙa mata faifan wake ta tsince. Ta ƙura masa ido, ta juya faifan, sai na ga ta runtse ido ta zuba yatsu a ciki. Na ce Hajiya ai kina gani yanzu. Ta ce, "Idon baƙo ne, hannun ne ɗan gida." Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Daga baya na gano ashe an gwada tambayar a Indiya a kan yaran da aka buɗe wa ido, kuma akwai fanni guda da ke irin wannan aiki, kimiyyar fahimta, wadda ta tara masana halayyar ɗan Adam, masu nazarin ƙwaƙwalwa, masu ilimin harshe, 'yan kwamfuta da 'yan falsafa a inuwa ɗaya. Na sa babi guda a kan haka. Sufabaizana ya ja masa jan biro daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe cewa wannan ba falsafa ba ce. Bana kuma na aika wa wata farfesa ta ɗakin gwaji a Turai saƙo, ta amsa da mutunci, amma tambayarta ta farko ita ce wane kwas na ƙididdiga na yi. Ban yi ko ɗaya ba. Lissafina ya tsaya ne a WAEC.

To ga ni a tsakiya. 'Yan falsafa na ganin na karkata, 'yan gwaji na ganin ban iso ba. Ina son neman gurbin digiri na uku a waje kafin a rufe karɓar takardu a Disamba, kuɗin da na tara kuma bai wuce na neman wurare huɗu ko biyar ba. Abbana bai hana ni ba, amma kullum tambayarsa ɗaya ce: in kin gama, wa zai ɗauke ki? Shin akwai waɗanda suka haɗa fannonin nan biyu suka ci abinci da su? Ta wace ƙofa ake shiga? Ko dai in haƙura da mutanen ƙarni na 17 in koma abin da duniya ke yayi?

Ɗan Kasuwar Waya:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ba a tauna taura biyu. Mutanen nan sun mutu shekara ɗari uku, ki bar su su huta. Yanzu duk kuɗin yana wajen masu koya wa kwamfuta tunani. Ki koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, wata shida, ko ba ki je ko'ina ba za ki samu aiki daga ɗakinki.

Malama a Ƙasar Sanyi:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Ina koyar da falsafa a nan Birtaniya, na kuma zauna a kwamitin ɗaukar malamai, bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki.

Amsar tambayarki ta farko: akwai su. Gary Hatfield na Jami'ar Pennsylvania yana cikin manyan masu nazarin Descartes, masanin falsafar nan na Faransa, kuma tun yana ɗalibi a Wisconsin ya yi aikin gwajin gani tare da masanin halayya William Epstein. John Sutton ya fitar da littafi a 1998 kan yadda ake tuna abu, ya faro daga Descartes ya gangaro har zuwa kwamfutocin da aka ƙera bisa kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, daga baya ya yi shekaru a sashen kimiyyar fahimta na Jami'ar Macquarie a Sidni. Abin da Sutton ya tono zai ba ki sha'awa. Kowa ya san Descartes da raba rai da jiki, amma a littafinsa kan halittar mutum, wanda aka buga bayan rasuwarsa, ya kwatanta tunawa da ƙyallen da aka huda da allurai: ko ramukan sun rufe, gobe sun fi saurin buɗewa, kuma in ka buɗe wasu sai maƙwabtansu su biyo. Duk wanda ya san yadda ake horar da kwamfutocin yau zai ji wani abu ya motsa masa. Shi ma mai ba ki shawarar Python ya sani cewa Hobbes, masanin falsafar Ingila, shi ne ya rubuta tun 1651 cewa tunani ba komai ba ne illa lissafi, tarawa da ɗebewa.

Amma ki lura da abu guda. Duk su biyun a ɓangaren falsafa da tarihinta suka tsaya, suna da gida kafin su fara zuwa unguwa. Jami'a ba ta ɗaukar mutum aiki, sashe ne ke ɗauka, sashe kuma yana da ajin da ba mai koyarwa. Ki buɗe shafin PhilJobs ki karanta tallace-tallacen aikin, za ki ga kowanne ya rubuta fannin ƙwarewa da kuma fannin da mutum zai iya koyarwa. Kusan duk sashen falsafa yana da kwas na Descartes zuwa Kant, dole wani ya koyar da shi kowace shekara. Idan takardarki ta ce ga masaniyar falsafar ƙarni na 17 da 18 wadda kuma za ta iya ɗaukar ajin falsafar hankali, kin zama mutum ɗaya mai toshe ƙofa biyu, kwamiti na son haka. Idan kuwa ta ce rabi nan rabi can, masanin tarihin da ke kwamitin zai tambayi Latin ɗinki, mai gwajin ya tambayi ƙididdigarki, kowa ya tura ki wa ɗan uwansa. Na ga an yi wa mutane masu ƙwazo haka a gabana, suka tashi biyu babu.

Don haka ni dai ƙofar falsafa nake ba ki shawara, amma ki zaɓi gidan da ke da ƙofar baya zuwa ɗakin gwaji. Edinbara ta haɗa falsafa da ilimin halayya da na harshe a makaranta ɗaya. Jami'ar Washington da ke St. Louis tana da shiri na haɗa falsafa da nazarin ƙwaƙwalwa da ilimin halayya. Da kuɗi kaɗan irin naki, Amurka ta fi dacewa da ke duk da nisa: shirinsu shekara biyar ne zuwa shida, shekara biyun farko kwasa-kwasai ne, a nan za ki cike gibin ƙididdiga, kuma wuraren kirki in sun ɗauke ki su ke biyan kuɗin makaranta su ba ki na abinci. A nan Birtaniya shekara uku ne zuwa huɗu, ana sa ran kin zo da shirinki, tallafin baƙi kuma kaɗan ne ƙwarai. Ki rubuta wa kowace makaranta ki tambaya ko suna yafe kuɗin fom, wasu na yi, ba sa dai shela.

Ba zan ɓoye miki ba, aikin dindindin a falsafa ya yi ƙaranci ko ga 'yan ƙasa. Hume kansa, babban masanin falsafar Sukotland, ya nemi kujerar farfesa a Edinbara a 1745 aka hana shi, ya sake nema a Glasgo aka sake hana shi, ya ƙare a mai kula da laburare. Yau gunkinsa na zaune a babban titin garin, ɗalibai na shafa babban yatsan ƙafarsa kafin jarrabawa.

Likitan Ido:

Ni ba ɗan falsafa ba ne, amma kin shigo gonata, bari in gyara miki wani abu kafin ki sa shi a takardar neman gurbi.

Abin da Hajiya ta yi ba shi ne tambayar Molyneux ba. Ita ta yi shekaru sittin ko fiye tana gani kafin yana ta rufe idon, ƙwaƙwalwarta ta daɗe da ɗaura gani da taɓawa. Sabo ne kawai ya sa ta koma ga hannu, ga kuma ido bai gama washewa ba a kwana uku, wataƙila ma ba a ba ta tabarau ba tukuna. Wanda ake nufi shi ne yaron da aka haifa da yanar a ido biyu. Kuma ko shi ba makaho ne na ɗungurungum ba, yawanci yana bambance haske da duhu. Wanda ba ya ganin ko haske, galibi matsalar tana can baya inda cire yana ba zai yi amfani ba. To kin ga mutumin da Molyneux ya zana, wanda bai taɓa ganin komai ba sannan ya tashi da ido garau a rana ɗaya, ban taɓa karɓarsa a asibiti ba, ba na kuma sa ran karɓarsa.

An daɗe ana wannan rigima. A 1728 wani likitan Landan, William Cheselden, ya ba da rahoton yaro ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu da ya yi wa aiki. Yaron ya ce da farko ji ya yi kamar abubuwa na taɓa idonsa. Ya riƙa manta wanne ne kare wanne ne kyanwa, sai da ya kama kyanwar ya shafa ta yana kallonta. Mabiya masanin falsafa Berkeley, wanda shi ma ya ce ba zai iya ba, suka ce magana ta ƙare. Wasu suka ce idon da aka yanka jiya ba shaida ba ne.

Na Indiyan da kika ambata shirin Prakash ne, na Pawan Sinha na jami'ar MIT da ke Amurka, an buga sakamakon a 2011. Yara biyar ne, daga shekara 8 zuwa 17, aka gwada su cikin awa 48 da aiki, da 'yan tubalan wasan yara. In sun shafa abu aka ce su nemo shi da hannu, suna ci. In sun gani aka ce su nemo da ido, nan ma suna ci kusan duka. Amma shafa da hannu, nemo da ido, sai ya zama kamar canki-canki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da aka sake gwada wasunsu bayan 'yan kwanaki, sun iya. Saurin nan bai yi wa Locke daɗi ba, gazawar farko kuma ba ta yi wa Leibniz daɗi ba. Har yanzu wasu 'yan falsafa na cewa wataƙila yaran sun daidaita zane ne da zane, ba su ga siffar abin a cike ba. Wa zai tsara gwajin da zai raba wannan gardama? Sai wanda ya san me ake tambaya tun asali.

Kuma irin yaran nan muna ganinsu a nan, waɗanda ba a kawo su ba sai sun girma. Sai dai ki sani, yaro majinyaci ne kafin ya zama abin nazari. Akwai kwamitin ɗa'a, akwai yardar iyaye, ba a shiga da littafin rubutu haka kawai.

Mai tambaya:

Likita na gode ƙwarai. Wallahi da labarin Hajiya na buɗe takardar tawa, har ina jin daɗinsa. Ashe da na yi abin kunya a sakin layi na farko.

Likitan Ido:

Kar ki cire shi. Ki ba da labarin, sannan ki faɗi da bakinki dalilin da ya sa bai amsa tambayar ba. Mai karantawa zai gane kin san bambancin.

Ɗalibi a Jamus:

Da girmamawa ga Malama, ni ban yarda da duk abin da ta faɗa ba. Ni ma daga falsafa na fito, na zo Osnabrück na yi digiri na biyu a kimiyyar fahimta, da Turanci ake koyarwa, yanzu ina na uku a wani ɗakin gwaji a wani garin. Zangon farko na sha wuya ba kaɗan ba. Na zauna a aji da yara 'yan shekara ashirin da biyu suna buga R, manhajar ƙididdiga, kamar suna hira a WhatsApp, ni ko buɗe fayil ina zufa. Na faɗi jarrabawar ƙididdiga sau ɗaya. Amma wata takwas ne, ya wuce.

Abin da nake tsoro game da "ƙofar baya" shi ne mutum ya ƙare ɗan kallo. Na san 'yan falsafa da ke zuwa taronmu na mako-mako, su yi tambaya mai kyau, kowa ya gyaɗa kai, a tashi ba abin da ya canza a gwajin. Sai ka taɓa tara bayanai da hannunka, ka ga mutum talatin sun danna maɓalli kuma rabinsu barci suke ji, sannan za ka san nawa ake yarda da jumlar "bincike ya nuna". A 2015 aka sake maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayya da aka riga aka buga, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai kashi 40 ba. Ɗan falsafar da bai iya karanta tebur ɗin lambobi ba, sai ya gina bene a kan binciken da ya riga ya rushe bai sani ba.

Ga kuma maganar Abbanki. In aikin jami'a bai samu ba, ni ina da abin sayarwa a kamfani. Wanda ya ƙware a Malebranche, masanin falsafar ƙarni na 17, fa?

Sharaɗin Jamus dai ki sani: yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta sai na zango, amma biza na buƙatar ki nuna kuɗin zaman shekara a asusu, sun haura Yuro dubu goma sha ɗaya. In ba DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, ta ɗauke ki ba, da albashin sakandare abin da wuya.

Malama a Ƙasar Sanyi:

Ƙanena maganarka ta ƙididdiga gaskiya ce, ban musa ba. Ta fara tun yau ma, kyauta ake koyo a intanet. Amma ka duba lissafin: kai shekara biyu ka ƙara kafin ka fara na uku, da kuɗin da ita ba ta da su. Kuma ka tambayi kanka me ya sa ɗakin gwajin ya ɗauke ka a kan yaran nan masu saurin hannu. Ina zargin don ka iya gane inda tambaya ta karkace ne, wannan kuwa ba a R ka koya ba.

Ɗalibi a Jamus:

Anti kin kama ni a nan. Amma dai ban janye ba.

Baba Malamin Larabci:

'Yata, ban ga inda kika faɗi ko kin yi Islamiyya mai zurfi ba. In kina karanta Larabci, to kina zaune a kan dukiya kina neman bashi.

Mutanen nan da kike karantawa ba daga sama suka faɗo ba. Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Misra a ƙarni na 11, ya ce ido haske da launi kawai yake karɓa, amma nisa da girma da siffa sai da wani hukunci da rai ke yankewa cikin sauri har mutum bai san ya yi ba, saboda sabo. An juya littafin zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572, masanin taurari Kepler ya yi aiki a kansa, daga nan zancen ya gangaro zuwa su Descartes. Ki ɗora wannan kusa da abin da Locke ya faɗa dab da tambayar Molyneux, cewa muna ganin da'ira mai inuwa sai hukunci ya maida ita ƙwallo ba mu lura ba. Ni dai da na karanta sai na ce wannan muryar na san ta.

Sannan ga Ibnu Ɗufail na Andalus da labarin Hayyu bin Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi, ya kai ga sanin Mahalicci da hankalinsa. A gabatarwar littafin ma akwai misalin makahon da ya san garinsu lungu-lungu, sannan idonsa ya buɗe. An buga shi da Latin a Oksfod a 1671, ɗan Edward Pococke ne ya fassara, uban kuma malamin Larabci ne da Locke ya sani yake girmamawa. Turawan da ke nazarin Locke kaɗan ne cikinsu ke iya buɗe asalin Larabcin.

Game da mahaifinki, in har akwai wata damuwa a ƙarƙashin tambayar tasa, irin wadda mutanenmu ke yi da jin kalmar falsafa, ki zauna ki karanta masa labarin Hayyu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai tambaya:

Baba na sauke, na yi Ajurumiya da ɗan abin da ya biyo baya, ina karanta littafi da ƙamus a gefe. Ban taɓa sa shi a takarduna ba, na ɗauka ba ruwan Turawa da shi.

Malama a Ƙasar Sanyi:

Innalillahi. Ki sa shi a layin farko! Shi Hatfield ɗin da na ambata, ɗaya daga cikin maƙalunsa na farko a 1979, shi da Epstein, bin sawun wannan zance ne daga Ibnul Haisam zuwa Descartes da Berkeley. Ki nemo ta ki karanta a makon nan.

Sai dai Baba ya yi mini afuwa, zan ɗan ja birki. Cewa Locke ya san gidan Pococke tabbas ne. Cewa daga Hayyu ya ɗauko ra'ayinsa, ko Molyneux ya ɗauko tambayarsa, wannan ba a tabbatar ba, kuma in kika rubuta shi kamar tabbas, masanin tarihin da ke kwamitin zai ajiye takardar. Wannan ita ce babbar cutar masu haɗa fannonin nan: ganin kama sai a ce dangi ne. Masanin harshe Chomsky ya fitar da littafi a 1966 yana danganta ra'ayinsa na harshe da mabiya Descartes, masana tarihi irin su Hans Aarsleff suka yi masa ca, suka ce ya karanta kansa ne a cikin mutanen da. Masanin ƙwaƙwalwa Damasio kuma ya sa wa littafinsa na 1994 suna da kuskuren Descartes, alhali littafin ƙarshe da Descartes ya fitar a 1649 kacokan a kan yadda jiki ke motsa tsoro da so da baƙin ciki ne. In manya sun zame a nan, ke sai ki taka a hankali. Ki ce ga kama, ga inda suka rabu, ga abin da rabuwar ke koya mana. Abin da ya sa tsofaffin ke da amfani ma shi ne ba irin tunaninmu suke ba.

Baba Malamin Larabci:

Malama ta yi gaskiya. Na ce na san muryar, ban ce na ga takardar gado ba.

Ɗan Zongo, Kumasi:

Gaisuwa daga Gana. Tun da ana lissafa mutane, kar a manta namu. Anton Wilhelm Amo, daga yankin Axim a bakin teku, an kai shi Jamus yana ƙaramin yaro, ya yi karatu a Halle, ya kare kundinsa a Wittenberg a 1734, ya koyar a Halle da Jena, daga baya ya komo gida. Kundin nasa a kan wannan magana taku ce. Ya ce rai ba ya jin zafi ko sanyi, ji na jiki mai rai ne, kuma ya ƙalubalanci Descartes kai tsaye a kan haka. An fitar da fassarar Turanci tare da Latin ɗin a 2020. Gajere ne, Latin ɗinsa na makaranta ne, in kina neman abin da za ki fara gwada haƙoranki a kai.

Maman Ilham:

Duk an yi maganar littafi ba a yi ta mutum ba. Ƙanwata shekara shida ba kwana shida ba ne. Ni na biyo maigidana Amurka yana irin wannan karatu, garin da muka zauna sai ka yi tafiyar awa ɗaya kafin ka ga masallacin Juma'a, sanyi kuma wata biyar. Kafin ki biya kuɗin fom ki duba garin, ba makarantar kaɗai ba. Ki nemi ɗaliban malamin da kike so, ba shi ba, ki tambaye su yana amsa saƙo? Nawa suka gama a hannunsa, suna ina yanzu? Kuma ki yi istihara. Abba kuma ki ba shi amsa ta gaskiya, kar ki yi masa alkawarin kujerar farfesa. Ki ce masa za a biya ki ki yi karatu shekara biyar, in kin dawo jami'o'inmu na neman masu digiri na uku, in ba ki dawo ba ga ƙididdiga a hannu. Iyaye sun fi son lissafi a kan buri.

Mai tambaya:

Allah Ya saka wa kowa da alheri, har da mai Python, don na sauke shi jiya da dare, ko da yake R ɗin zan fara kamar yadda ɗan uwa na Jamus ya nuna. Ga inda na tsaya: sassan falsafa huɗu zan nema, duk masu alaƙa da ɗakin gwaji, in kuma gwada DAAD tunda ba a biyan kuɗin nema. Samfurin rubutun da zan tura shi ne babin nan da aka ja wa jan biro, zan sake gina shi a kan amsar Leibniz da saurin koyon yaran Indiya, in kawo Ibnul Haisam da taka-tsantsan.

Saura abu ɗaya da ke damuna. Ana son wasiƙar shaida uku, kuma dole ɗaya ta fito daga sufabaizan da ya ce aikin ba falsafa ba ne. In tura masa sabon babin ya gani, ko in roƙi wasiƙar kawai in yi shiru?

Malama a Ƙasar Sanyi:

Ki kai masa da kanki, a buge a takarda, ba ta waya ba. Ki ce kin gyara ne bisa jan biron da ya yi, kina son ya sake dubawa. Sannan ki tambaye shi a fili ko zai iya rubuta miki wasiƙa mai ƙarfi, ki faɗi kalmar "mai ƙarfi" ɗin. In ya yi jim, ki gode masa ki nemi wanda ya zo daga waje ya jarraba kundin. Shafi 15 zuwa 20 ake so, kar ki wuce. In kin gama zuwa tsakiyar Oktoba ki ba Admin ya turo mini, zan karanta, amma ki sani birona ma ja ne.